Amanar da Aka Raba a Gado

Har maigidana Malam ya rasu ban san mene ne aikinsa ba. Sunan aikin na sani, gyaran kwamfuta, in an tambaye ni haka nake cewa. Amma mai gyaran keke in ya dawo gida ana ganin baƙin mai a hannunsa, mahauci ana jin ƙarni a rigarsa. Shi yakan dawo hannunsa fes, ya ce ya gaji. In ce da me? Ya ce ya wuni yana toshe ƙofofi. Ƙofofin ina? Na cikin kwamfuta. Sai in zuba masa abinci.

Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, malamar firamare ce, ni ban yi boko ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Mu mutanen shanu ne, ni da shi. Iyayenmu ne suka sayar da garke suka zauna a gari. Danginsa duk dillalan dabbobi suka zama, shi kaɗai aka sa a makaranta. Ya fara da gyaran tafireta a ofishin gwamnati, da aka daina yayinta ya koyi kwamfuta da furfura a gemunsa. Bayan ya yi ritaya sai ya riƙa kula da wasu ƙananan wurare a cikin gari, masu kwamfuta uku, masu huɗu. Ya ja musu waya daga wannan zuwa waccan, in ta ƙi tashi ya tashe ta, in ciwo ya kama ta ya yi mata magani. Da bakinsa ya ce mini kwamfuta tana ɗaukar ciwo, kuma tana shafa wa 'yar'uwarta. Wannan kaɗai na gane, don na ga yadda ciwon huhu yake bin garke.

Duk ranar Alhamis yakan dawo da wasu 'yan akwatuna baƙaƙe a jakarsa, kowanne bai fi sabulun wanki ba. Ya buɗe babbar kwallata, wadda nake ajiye turaren wuta a ciki, ya sa su a ƙasa, ya rufe. Wata Alhamis ɗin ya ɗauke su da safe, ya dawo da su da yamma. Na taɓa yin mita, na ce duk gidan nan bai ga wurin ajiya ba sai kwallata? Ya ce nan ne babu mai taɓawa, ko shi sai ya nemi izini. Na ce me ke ciki? Ya ce ofis. Na yi dariya, shi ma ya yi, na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ba zan iya faɗin wannan wurin ba, ki tsallake.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a gidanmu na Gomari. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Damaturu. Sai ƙanin Malam, Alhaji, mai sayar da raguna, yana zaune a Mafoni. Limamin unguwa ne ya yi rabon. Ya ce a fito da duk abin da marigayi ya bari, ko allura ce. Na fito da riguna, da hulunansa, da babur, da jakar aikinsa. Har an fara sai na tuna da kwalla, na tashi na ɗauko 'yan akwatunan guda uku, don kada in ci haƙƙin kowa. Liman ya tambaya, akwai amanar wani a hannunsa? Na yi tunani. Amana a sanina akuya ce da aka bar maka kiwo, ko gwal ɗin wata, ko takardar fili. Na ce ban san da ita ba. Liman ya juya akwatunan a hannunsa, ya sansana, ya ce kayan aiki ne. Aka haɗa su da jakar, suka faɗa rabon Alhaji.

Ina cikin takaba, wata rana da hantsi, aka yi sallama. Madam ce. Mutuniyar ƙasar Biu ce, Kirista, tana da shago a Wulari inda ake buga wa ɗaliban jami'a takardunsu na gama karatu. Shagon yana cikin wuraren da Malam yake kula da su, Baba take ce masa. Ta zo mini ta'aziyya tun a kwanakin farko, har da buhun shinkafa. Wannan karon hannunta babu komai, idonta ya kumbura. Ta bar wani mutum a ƙofar gida, ta ce injiniya ne.

Ta durƙusa ta ce, “Mama, ki gafarce ni, na san ba lokacin wannan maganar ba ne. An shiga mini shago.”

Na ce, “Innalillahi. Ƙofa suka fasa?”

“Ba su taɓa ƙofa ba.”

“Ta rufi suka sauko?”

“Mama, ba su zo Maiduguri ba ma. Injiniya ya ce wataƙila ba a ƙasar nan suke ba.”

Na dube ta. Na ce to me suka ɗauka? Ta ce ba su ɗauki komai ba, komai yana nan, kulle shi suka yi. Duk aikin ɗaliban da aka buga, kwamfuta huɗu, ba ya buɗuwa, sai wani rubutu da yake fitowa yana cewa a biya su kafin su buɗe. Ga shi satin da za a kai wa malamai ke nan, wanda bai kai ba sai baɗi. Na ce ku kira maƙeri mana ya fasa kwaɗon. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta ban san abin da muke wa kukan ba.

Na sa mayafi aka shigo da injiniyan, ya tsaya daga bakin ƙofa. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce wata daga cikin masu yi wa Madam aiki ce ta buɗe wani saƙo da aka aiko, ciwon ya shigo ta nan, ya bi wayar da ta haɗa kwamfutocin ya kama su duka. Ya cire wayar, amma ya makara. Ya ce kada a biya mutanen, ko an biya ba lalle su buɗe ba. Hanya ɗaya ce ta rage. Duk mai hankali a wannan aikin yana kwafe kayan ofis ya ajiye a wani gida daban, don in wuta ko ɓarawo ya ci na can, na nan ya tsira. Madam ta ce ta sha ganin Baba yana sa wani baƙin abu a jaka. Ko na san inda yake ajiyewa?

Na ce na sani, amma an raba.

Na rasa yadda zan yi. Mai takaba ba ta fita sai da lalura. Wannan lalura ce? Ba asibiti ba ne, ba kotu ba ce. Na ce su je su sami Alhaji. Madam ta ce, “Mama, bai san ni ba. In na je masa da maganar gado, ni bare, kuma mace, ai kora ta zai yi.” Gaskiyarta. Na saka takalmi ina istigfari, muka shiga keke mu uku.

Mun sami Alhaji a ƙofar gidansa yana sa a ba raguna dusa. Tun ina amarya muke wasa da shi, bai taɓa ganina ya yi shiru ba.

“A'a, matata! Har kin gaji da jira kin biyo ni? Ki bari takabar ta ƙare mana.”

Na ce, “Kai da ko raguna ba sa son warinka. Ka shigo zaure, magana ce.”

Da ya ji maganar sai wasan ya ƙare. Ya ce shi ba ya son kayan kowa, ko buɗe jakar bai yi ba, tana ƙarƙashin gado. Amma liman ne ya raba, da ayoyi, a gaban shaidu. In yau ya mayar da wannan, gobe wani ya zo ya ce babur ma nasa ne. Abin da liman ya ƙulla liman ne zai kwance.

Aka kira liman a waya, aka buɗe murya kowa yana ji. Ya tambaya, wa ya sayi akwatin? Madam ta ce ba ta sani ba, ita dai ba ta ba da kuɗin akwati ba. Ya ce to na marigayi ne, ya zama na Alhaji. Abin da ke ciki fa, wa ya rubuta? Ta ce ita da yaranta. Sannan ya ce shi bai taɓa cin karo da irin wannan ba, amma a ganinsa kamar a zuba nonon wani a ƙwaryar wani ne. Ƙwarya ta Alhaji ce, nono a mayar wa mai shi.

Alhaji ya ce, “Shi ke nan. A juye a bar mini ƙwaryata.”

Injiniya ya ce zai juye, amma ko ya juye kayan suna nan a ciki, sai an goge.

“Wane irin nono ne wannan, a juye shi kuma yana nan?”

“Alhaji, kwafa ake yi.”

“To wanne ne nata, wanda ka juye ko wanda ya rage?”

“Duka biyun.”

Alhaji ya juyo gare ni. “Yaya, ke kin gane?” Na ce ni shekara nawa ina kwana da abin a ɗaki ban gane ba, yau zan gane?

Aka ɗauko jakar. Da injiniya ya zuge ta sai ƙamshin turarena ya cika zauren, na juya fuskata bango. Ya ce ba zai kai akwatin shagon Madam ba sai ya wanke kwamfutocin can, kada shi ma ya kamu, don haka ya buɗe tasa ta hannu a kan tabarma. Babu rubutu a jikin ko ɗaya. Ya jona na farko, ya duba, ya cire da sauri. Ya ce na wani asibiti ne, sunayen marasa lafiya ne, bai kamata idonsa ya gani ba. Ya jona na biyu. Madam ta leƙa ta kafaɗarsa, sai ta dafa ƙirji ta ce, “Yesu, na gode! Nawa ne, ga sunan shagona!” Har Alhaji sai da ya ce alhamdulillahi. Ni ma na ji wani nauyi ya sauka, na ce ashe fitar tawa lalura ce.

Injiniya bai yi murna ba. Yana ta jan yatsa a kan kwamfutar, sama da ƙasa. Ya ce, “Madam, su wa kike nema? Faɗi suna ɗaya.” Ta faɗa. Babu. Ta faɗi wani. Babu. Ya ce kayan nan tsofaffi ne, an daɗe ba a ƙara komai ba. Ya karanta ranar da aka yi kwafi na ƙarshe.

Ban san kwanan watan boko ba, sai na tambaya ko kafin ƙaramar salla ne. Ya duba wayarsa ya ce Alhamis ɗin da ta biyo bayanta. Na san ranar. Ranar ya tashi da zazzaɓi, na ce kada ya fita, ya ce ba zai daɗe ba. Ya dawo yana rawar ɗari, ya buɗe kwalla da kansa, ya kwanta. Bai ƙara fita da ƙafarsa ba. Na yi masa faɗa a ranar, na ce wane aiki ne ba zai jira Asabar ba.

Madam ta zauna a ƙasa. Ta ce ita ta ɗauka injin ne yake yi da kansa. Ta ce, “Duk Alhamis yakan zo, in sa a kawo masa shayi, ya zauna a bayan kwamfutar can ta lungu yana mana hira. Na ɗauka gaisuwa yake zuwa yi.” Injiniya ya ce tun da ya daina zuwa babu wanda ya kwafi komai. Ɗaliban bana duk bayan rasuwarsa suka kawo aikinsu.

Alhaji ya fita ya dawo da ruwan sanyi, babu wanda ya sha. Na rasa wa zan ba haƙuri. Na ce da Madam ko da ban fito da akwatunan ba ranar rabo, da an sami aikin? Ta ce a'a, Mama, babu ruwan rabo. To da ya ji maganata bai fita ba ranar, da me zai faru? Injiniya ya ce da abin da aka samu ya ragu da na sati ɗaya. Na ce to ashe duk wahalar da ya sha, da zazzaɓin, ba ta tsare komai ba? Ya ce ta tsare, ga aikin shekaru nan ya dawo, takardun makarantu da na coci-coci da take bugawa, da ba don shi ba da shagon ya mutu gaba ɗaya. Madam ma ta ce haka ne. Amma tana faɗa tana kuka, ni kuwa ban san wanne zan ɗauka ba, maganar ko kukan.

Daga baya ta zo ta ba ni labarin yadda aka ƙare. Ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Masu rubutun hannunsu suka dawo da shi, ta ɗauko aron masu buga takarda daga wasu shaguna, aka sake bugawa kyauta, yawancinsu suka kai a kan lokaci. Wasu sun zage ta, ba su sake komawa ba. Shagon yana nan, ya rage cika. Amma akwai wata yarinya da ba ta da rubutun hannu. Ita a shagon take zama tana faɗa ana bugawa, tana gyarawa a nan take, kamar yadda nake yi yanzu. Nata ya tafi duka. Ba ta gama bana ba, sai baɗi, kuma an riga an sa ranar aurenta a kan ta gama. Ubanta ya je shagon ya yi ta ɗaga murya har mutane suka taru.

Na tambayi unguwarsu, Madam ta ce a Wulari ne, bayan shagon kaɗan. Na gama takaba yanzu, ina iya fita. Sau biyu ina sa mayafi in je in ba su haƙuri, in kai bakin titi in dawo. In na yi sallama uban ya fito ya ce wace ce, ban san abin da zan ce masa ba.