Kurciyar da Ta Sa Baba Magana

Jama'a, yau kurciya ta yi abin da ya gagare mu a gidan nan!

Kun dai san tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bai ƙara cewa uffan ba. Da safe na tura kekensa lambun bayan gida, gindin gwaiba, inda nake watsa wa tsuntsaye geron da Kawu ya aiko mana daga Zango. Na zuba masa kaɗan a tafin hannu. Sai ga wata kurciya, fir! Ta sauka a gwiwarsa, ta hau cin geron hannunsa, ko tsoro babu!

Inna ta fito da kofin kunu, ta ɗaga mayafi za ta kore ta. Kawai muka ji an ce, "Bar ta."

Wallahi Baba ne! Kofi ya suɓuce wa Inna.

"Malam, kai ne ka yi magana?"

Ko kallonta bai yi ba, idonsa na kan kurciya. A hankali ya ce, "Ƙaro gero, Hadiza."

Sunana fa! Na ruga na kinkimo kwanon gaba ɗaya, ina kuka ina dariya. Har yanzu muna lambu, ya ƙi a mayar da shi ɗaki.