Kolo da Ƙafar Suma'ila

Kolo jikan maƙwabciyata Ya Kellu ne, a nan Birni. Tun yana ƙarami in ya ga kaza na ɗingishi sai ya kama ya ɗaure mata tsumma. Da ya gama lakkwal, wato makarantar boko, aka kai shi Dakar koyon aikin likita, bai zuwa gida sai hutun damina.

Shekara biyu kafin a samu mulkin kai ya zo hutu, ya rame kamar kara. Kakarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, kai da za ka warkar da mutane, wa zai warkar da kai?"

A lokacin 'yan kaso, wato fursunoni, ke ɗibar ruwan tabki suna wucewa ta ƙofarmu, wani gardi mai tsaronsu, mai suna Dodo, na biye da su. Cikinsu akwai Suma'ila, manomi daga Gidimuni, kurkunu, ciwon nan mai doguwar tsutsa, ya fito masa a idon sawun hagu. Ƙafar ta kumbura, ga garwa a ka. Kolo ya ce in tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafar na iya lalacewa, a yanke. Ya ce ɗan kaso ma mutum ne, yana da hakkin magani. Ya rubuta takarda har uku zuwa biro, ofishin Turawan mulki, shiru. Ya tare Dodo ya yi masa dogon jawabi, rabi da Faransanci.

Dodo ya ce, "Malam likita, ni cewa aka yi kar in bar su su tsaya. Ko Faransancin bai ce haka ba?"

Kolo ya dawo yana huci. Ya Kellu na tsinkar zogale ta ce, "Kai dai karatu ya cinye maka wayo. Me ke fito da tsutsar?"

"Ruwa. In ta ji sanyi sai ta leƙo."

"To, ka taɓa ganin Musulmin da ya hana Musulmi alwala?"

Washegari da azahar Kolo ya zauna ƙofar masallaci da buta biyu da tsinken ashana. Da suka iso ya ce, "Suma'ila, lokaci ya yi." Dodo ya dubi liman, ya ja gefe ya ba shi hanya. Suma'ila ya wanke ƙafar hagu a hankali, tsutsar ta leƙo fara fat, Kolo ya naɗe ta kaɗan a tsinke ya ɗaure da kyalle mai tsabta.

Haka kullum. Ba a ja da ƙarfi, ɗan tsawon gaɓar yatsa a yini. Dodo ya riƙa gunaguni, "Ni ban taɓa ganin alwalar da ƙafa ɗaya ke cin rabin awa ba." Liman ya ce masa kyautata alwala lada ne. Ganin zaman ya yi yawa, shi ma Dodon ya koma bin jam'i, abin da matarsa ta ce ta yi shekara tana roƙo.

Hutu ya kusa ƙarewa, tsutsa ba ta ƙare ba. Motar da za ta kai shi Yamai, a hanyarsa ta komawa Dakar, ta tashi, Kolo ya ƙi shiga, ya ce ko za a kore shi daga makaranta. Rana ta ashirin da uku wutsiyar ta fito ɗungum, ba ta tsinke ba. Na ga Suma'ila ya taka ƙasa, ya sake takawa, ya ce alhamdu lillahi. Dodo ya ɗauki garwar ya ɗora masa, sannan ya sauke ya zubar da rabin ruwan.