Kwaɗon da Aka Raba da Tururuwa

A saman rufin gidanmu na unguwar Hindawiyya kakata Iya take hura gawayi bayan magariba, don a cewarta tuwon da aka tuƙa a kan gas ba tuwo ba ne. Aikin hajji ya kawo ta ƙasar Larabawan nan tun tana budurwa, ta zauna tana wanki a gidan wani likita. Mu jikokinta mukan zagaye murhun muna zufa, muna jiran miyar kukar da ba mai so a cikinmu. Ni kam da ta juya baya sai in tuttule tawa a magudanar ruwa.

Ranar da ta kama ni ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Zauna, 'yar nema. Ga wata tatsuniya nan tafe gare ku."

Wai a wani daji mai nisa, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, akwai kwaɗon da bai wuce babban yatsa ba, rawaya kamar an tsoma shi a kurkum. Da rana tsaka yake yawonsa, ba ya ɓuya. Maciji ya gan shi ya kauce, tsuntsu ya sake hanya, domin fatarsa dafi ce, har maharba kan goga tsinin kibiya a bayansa. Abincinsa tururuwa ne da ƙananan ƙwarin ƙarƙashin ganye, masu ɗaci. Sai wani attajiri ya sa shi a akwatin gilashi yana ba shi ƙudaje masu laushi. Kwaɗo ya yi ɓul-ɓul, ya hayayyafa. Ashe dafin daga tururuwar yake samunsa. Nasa ya dushe a hankali, 'ya'yansa kuwa ko ɗigo ba su gada ba, sai launin.

"Da idona na ga jikansa a gidan daktur," in ji Iya. "Yara a tafin hannu suke wasa da shi. Ranar da aka ce yalla ya koma daji, me zai tsare shi? Kyau? Halas, ƙurunƙus, ku shanye miyarku."

Dariya muka yi mata, har ni da aka yi tatsuniyar domina.

Iya ta daɗe da rasuwa. Na haifi 'yata Salma a unguwar Kurayyat, na raine ta da shinkafar bukhari da Larabci zalla, wai don kada a gane baƙuwa ce. Kafilinmu, Balaraben da ya tsaya mana, ya mutu, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta bi shi. Makon jiya 'yan sanda suka tare tasi a unguwar Balad suka tafi da ita. Jirgi zai kai ta Kano, garin da ni kaina ban taɓa gani ba, kuma ban san mutum ɗaya da zai tarye ta ba. Tsoro nake ji, ina kuma jin kunyar Iya, domin ni da hannuna na rufe 'yata a gilashin.

Ɗazu aka ba ta waya. Da Larabci ta tambaye ni, "Ummi, yaya ake cewa ina jin yunwa da Hausa?"

Na faɗa mata sau uku. Tana cikin gwadawa aka karɓe wayar.