Fararen Kwaɗin Tafkin Ɗanzomo

Ana kiran assalatu muka ɗora wa jakuna mangala muka bar Gumel, ni da yayana, za mu sayo kanwa a Maigatari. Ni kuwa da wata aika a zuciyata. Mai ɗakina 'yar Ɗanzomo ce, tana da cikin fari, kuma tun da aka kawo ta birni take kewar wasu 'yan kwaɗi na tafkin garinsu, masu kuka kamar ana kaɗa awarwaro. Ta ce ko ɗaya ne in kawo mata, na yi alkawari.

Hanya rairayi ce zalla, bazara ta gasa komai. A Maigatari mun tarar da Buzaye da raƙumansu, kanwa ta yi tsada, masu ita kuma ba sa ko kallon kuɗin wuri, sai kuɗin Nasara. Furar da wata Bafulatana ta dama mana ce ta raba yayana da mita.

Daga nan muka yanka ta Sule Tankarkar, muka isa Ɗanzomo washegari da hantsi. Tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Har na ce na yi zuwan banza, sai na hango wani abu fari kamar alli manne da busasshiyar ciyawa. Kwaɗo ne, bai kai kan babban yatsa ba. Ya naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, ya lumshe ido, rana na dukansa ko motsi bai yi. Kan yatsunsa da 'yan faifai masu danƙo, da su yake riƙe kara. Ashe ciyawar cike take da su, kowa na jiran ruwan farko. Na buɗe gorana zan saka shi a ciki, sai na fasa ɗauka. Wanda ya jure wannan rana saboda tafkinsa, me zai yi da randar birni?

Ina nan tsaye surukina ya iso da bakin wuta, zai ƙone ciyawar don sharar gona. Ni da ko fuskarsa ba na iya kallo, ina zan ce masa ya dakata? Na tuɓe takalma na durƙusa na shiga gaisuwa, in na ƙare in sake ɗaukowa daga farko, ina zungurar yayana. Da yayana ya gaji sai ya ce, "Baba, wai kwaɗin 'yarka yake roƙa wa rai."

Tsoho ya yi dariya, ya ce tun tana ƙarama take hana shi ƙona wurin nan. "Ashe har ta yi wakili." Ya sa fartanya ya share iyaka, wuta ta ci gona ta bar bakin tafki.

Mun dawo Gumel da kanwa, gora kuwa wayam. Na zaci mai ɗakina za ta yi fushi, sai kawai ta tambaya ko kwaɗin suna nan, na ce suna nan. Ta yi murmushi ta tuna mini cewa farkon damina za ta gida goyon ciki. A nan na gane wata tsarabar barinta ake yi inda take. In Allah ya sauke ta lafiya, kukansu ne zai yi wa ɗanmu maraba.