Dokin Baffa da ƙwaryar dusa

Dokin ya sake tunkuɗe ƙwaryar, dusa ta watse mini a ƙafa.

A Jalingo ne, farkon kafa Jihar Taraba. An jefo ni aiki daga Katsina, ba wanda ya tambayi ra'ayina. Ina haya a unguwar Majidaɗi, gidan wani dattijo, Baffa, mai tsohon doki da gwiwoyi suka kumbura. Kullum Baffa ke cakuɗa masa garin maganin gaɓɓai cikin dusa da kanwa.

Da Baffa ya rasu, aikin ya faɗo kaina, don sauran 'yan haya sun zame. Ba zan yi musu sharri ba, dokin yana cizo. Amma ya ƙi ci, har tsayuwa ta fara gagarar sa.

Matar marigayin, Dada, ta leƙo daga zaure.

"Malam, ba ya ci sai Baffa ya ɗanɗana."

"Dada, Baffa fa yana kabari."

"Na sani. Kai dai aje ƙwarya, ka juya baya."

Na shafe saman dusar sumul, na ajiye, na juya. Rana tsaka, ko iska babu. Sai na ji dokin ya yi 'yar haniniyar nan da Baffa kaɗai yake yi wa.

Da na waiga, akwai shatin yatsu a gefen dusar. Dokin ya sunkuya ya cinye tas.

Ban ce na ga kowa ba. Amma har na bar Jalingo, ban sake shiga wurin dokin nan ba sallama ba.

Jama'a, da ku ne, za ku waiga?