Faratan Mang Dolfo

Mang Dolfo, mai askin layinmu a garin Baguio na ƙasar Filifin, ba shi da abin so kamar kiɗan jitar Turawan nan masu dogon gashi na zamanin samartakarsa. In kaset ya kawo wurin da mawaƙi ke yin shiru, jitar katako da ta lantarki su shiga amsa wa juna, sai ya ɗaga almakashi ya lumshe ido. Kai kuma ka zauna da rabin aski.

"Ji yatsu, don Allah! Wannan ba duka yake ba, tsirkiya yake lallashi."

Kunne kam yana da shi. Sai dai ya ɗora ƙarya a kai: wai shi ma a da ya yi kiɗa a gidajen waƙa na Manila. Shaidarsa farata ne zaƙo-zaƙo irin na makaɗa. Da yake hannun dama na almakashi ne, a hagu ya tara su.

Ranar Lahadi maza kan zauna ƙofar shagonsa da soyayyen kifi, kofin giya ɗaya na zagayawa, jita na biye da shi. Duk sanda ta kusa kansa, sai wai fitsari ya matse shi.

Ranar bikin unguwa ya yunƙura zai zame, Turing direba, da ya ɗan yi tatil, ya danne masa kafaɗa.

"Zauna, mutumina! Mafitsarar nan taka ta san jita fiye da kai."

Jita ta sauka a cinyarsa. Ya kai hagu zai danna tsirkiya, farata suka tokare. Ƙarar da ta fito, ko kyanwar da aka taka sai haka.

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya duƙufa cire ƙayar kifi.

Matarsa, Aling Pacing, ta leƙo ta taga. "Maigida, hagu ake yankewa, dama ake tarawa. Layin nan kowane gida da jita. Tun ranar da ka fara tara su kowa ya gane."

"Kuka yi shiru?" in ji Dolfo.

"To, wa zai ɓata wa mai riƙe da reza rai?" in ji Turing.

Kunnuwan Dolfo suka yi ja. Ashe duk labaran Manila da ya sha zubawa, tausayinsa ake ji ana gyaɗa kai. Ya shige shago ya ja labule.

Sai da sati ya zagayo ya buɗe. Turing ya zo aski, ya tarar da faratan hagu a yanke ƙwal. Kaset na yi, Dolfo bai ɗaga almakashi ba. Can, ba tare da ya dubi madubi ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wane yatsa ake fara ɗorawa?"