Kalimbon Bayan Tudu

Shekarata ta farko a jami'a, can Damagaram, aka ba mu littafin kimiyyar muhalli na Faransanci. Nawa kwafin kwafi ne, hotunan duk sun yi baƙi. A babi na uku akwai zanen da na haddace: akwati a tsakiya an rubuta "mutum", kibiyoyi na fita daga jikinsa zuwa itace da ƙasa da ruwa, duk inda kibiya ta sauka sai ɓarna. Mutumin ba shi da fuska, amma ni ko yaushe na duba hular Baba nake gani. Abin na damuna, don ban taɓa ganin Baba ya ɓata ko tsinke ba.

Garkarmu, wato lambunmu, tana cikin wani kwari a bayan Gure, tudun rairayi ya tsaya mata daga gabas. A gefen nan na gabas Baba ya dasa ƴaƴan dabino biyar, ɗaya ga kowanenmu, mu ƴaƴansa. Na farko na yayata ne, wadda ta rasu shekara guda bayan dashen. Shekara huɗu yana ba su ruwa da guga, kuma daga nata yake farawa. Tudun yakan ɗan matso kowace shekara, Baba ya kwashe abin da ya zubo, su ci gaba da zaman maƙwabtaka.

Babi na biyar ya ce ana tsayar da tudu da shingen rassa, layi-layi. Babi na uku kuwa ya ce sare itace ne ke sakin rairayi. Na tambayi malaminmu, da muke ce wa mushe, to da me za a yi shingen in ba a sara ba? Ya ce tambaya mai kyau, kuma in riƙe duka biyun don duka suna fitowa a jarrabawa. Na fita ajin kaina ya fi ɗaurewa.

A wajenmu da kalimbo ake shinge, wannan tsiron mai siraran rassa marar ganye da ke fitowa a kan rairayi. Bayan tudunmu cike yake da shi, amma ba mai taɓa shi. Mai bukata sai ya ɗaura jaki ya yi tafiyar rabin yini wajen hanyar Kelle. In ka tambayi dalili, a ce wurin na da masu shi. Ni kuwa na duba littafina daga bango zuwa bango ban ga aljani ko ɗaya ba. Haushi yake ba ni: ga magani a bakin ƙofa, an bar shi saboda tatsuniya.

Da aka ba mu hutu cikin bazara, na iske Baba zai je ta'aziyya Alakoss, kwana uku. Yana juya baya na ɗauki adda. Kwana biyu ina sara a bayan tudu ina lodi a jaki, hannuwana suka yi kanta, na kafa shinge layi uku a gindin tudun kamar yadda hoto ya nuna. Inna ta tambaye ni inda na samo kalimbo da sauri haka. Na faɗa mata. Ta ajiye ludayi ta dube ni, ni kuma na ɗauka mamakin ƙoƙarina take.

Baba ya dawo ya zagaya shingen, ya girgiza shi, ya ce ɗaurin ya yi. Sannan ya hau tudu ya leƙa baya. Shi in ransa ya ɓaci Barbarci yake komawa, ranar kuwa ya daɗe yana magana da Barbarci shi kaɗai kafin ya sauko.

"Mushe, ka tuɓe wa tudu riga don ka yi masa takalmi," in ji shi.

Na ce, "Baba, tsakani da Allah, akwai masu wurin nan?"

"Ni ban gan su ba. Kakanka ya ce kar a sara, ban sara ba."

Na karanto masa babi na biyar ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa mai littafin ya san tudunmu. Na koma makaranta ina jin na ci gardama.

Iskar da ke gaban hadarin farko ta yi aikinta cikin yini biyu. Inna ce ta kira ni a waya, ta ce tudu ya sauko. A makon nan aka ba mu sakamakon jarrabawa, tambayar tsayar da tudu ta fito, na ci ta tas. Wata ƴar ajinmu mai littafi na ainihi ta nuna mini layi ɗaya a ƙasan hoton, wanda injin kwafi ya yanke a nawa: a samo rassan nesa da tudun da ake son tsayarwa. Ashe littafin da aljanun kakana bakinsu ɗaya. Amma ko wannan bai warware mini ba. Nesa da tudunmu ai kusa da tudun wani ne. Kalimbon hanyar Kelle da muke sarowa tun kaka da kakanni, rigar wa muke tuɓewa?

Da na iso gida na iske abin da ya ƙara rikita ni. Ta kudu, inda na yi shingen da kauri, ya riƙe rairayin, dabino biyu na tsaye lafiya, ɗaya nawa ne. Ta arewa kuwa rairayi ya binne shingen, babu ko alamarsa. Dabino uku sun nutse, sai bakin ganye ke leƙowa. Har yau ban san ko shingena ne ya ceci biyun ba, ko kuwa da ban taɓa komai ba da duka biyar sun tsira.

Baba ya riga ya tono biyu daga cikin ukun. Yana durƙushe wajen na yayata, inda rairayin ya fi zurfi, yana kwasa da ƙoƙo don kar shebur ya ji wa tsiron rauni. Na durƙusa na sa hannu, kunya kamar in nutse ni ma. Muka kai ga tsakiyar dabinon, inda sabon ganye ke fitowa. Baba ya kama shi ya ja a hankali don ya gwada. Ganyen ya zare ya biyo hannunsa, gindinsa ya ruɓe.

Ya juya shi, ya sunsuna, ya miƙo mini.

"Duba littafin naka, me ya ce a yi wa wannan?"

Na dubi fuskarsa ko ba'a yake mini, don da ba'ar ce da na ji sauƙi. Ba ba'a yake ba. Jira yake in duba.